Ilham ta dage sai saikoloji a A-level, babanta ya ce likita yake so

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda yaransu suka yi sakandare a nan Ingila. Ilham tana shekarar ƙarshe ta GCSE, wato jarabawar kammala sakandare ta nan, an ba su fom su cike darussa uku da za su ɗauka a A-level, karatun shekara biyu kafin shiga jami'a, ita ta kafe sai ta sa saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, da bayoloji da adabin turanci, babanta kuma ya ce sam, kemistiri da bayoloji da lissafi za ta yi don likita yake so ta zama. Yanzu gidan ba daɗi wallahi, ita tana kumbure-kumbure shi yana faɗa, ni kuma ban san kan abin ba balle in raba gardama. Wai me ake koya musu a cikin saikolojin ne?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ina bayan maigida. Mu da muka yi WAEC a gida ba mu taɓa jin wani darasi wai shi saikoloji ba kuma ga mu mun zama mutane. Yaran nan abin da suke gani a TikTok ne yake ɗibarsu, kowa ya zama mai karanta zuciyar mutane. In ta gama wane aiki za ta yi da shi?

Ummi: Anti ina wuni. Ni na yi shi, na hukumar jarabawa ta AQA, yanzu ina jami'a. Abu na farko da zan faɗa wa Ilham shi ne ta cire wa ranta cewa za a koya mata karanta zuciya ko gane maƙaryaci daga kallon idonsa ko zama mai ba ƙawaye shawara, ba ko ɗaya a ciki. Da yawa a ajinmu da wannan tunanin suka shigo, kafin hutun Disamba wasu har sun fara da-na-sani. Takarda uku ake rubutawa a ƙarshen shekara ta biyu, kowace awa 2 maki 96. Akwai yadda jama'a suke tasiri a kan mutum, akwai yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abu da yadda take mantawa, akwai shaƙuwar jariri da mai renonsa, da larurori irin su baƙin ciki mai tsanani da tsoro da waswasi, sai ɓangaren bayoloji na jijiyoyi da sassan ƙwaƙwalwa. Amma abin da ya fi cin mutum shi ne dabarun bincike, aƙalla kashi 25 cikin 100 na makin daga nan yake, kuma aƙalla kashi 10 lissafi ne zalla. Ga rubutu, akwai tambaya mai maki 16 da za ki zauna ki cika shafuka cikin kamar minti 20 hannunki na ciwo.

Maman Ilham: Lissafi kuma? Ai gudun lissafin take yi 'yar nan hhh

Ummi: To ba ta tsira ba Anti. Ba irin mai wuyar nan ba ne amma sai ta iya matsakaici da kaso da karanta jadawali da zana giraf, ta kuma san wane gwajin ƙididdiga ake yi wa wane irin bayani, su Spearman da Mann-Whitney. Wanda bai son lamba kwata-kwata zai sha wuya.

Dakta A.: Salam. Hajiya bari in raba abu biyu da ake yawan cakuɗa su, don ina jin rigimar gidanku daga nan take. Likitan ƙwaƙwalwa wanda yake rubuta magani likita ne cikakke, sai ya yi karatun likitanci tukuna sannan ya ƙware a wannan fannin. Shi kuma masanin saikoloji da yake ganin marasa lafiya a asibiti ba ya bi ta makarantar likitanci, digirin saikoloji yake yi wanda ƙungiyar masana saikoloji ta Birtaniya, BPS, ta amince da shi, sai ya nemi aiki a ƙarƙashin wani ya tara ƙwarewa, sannan ya nemi gurbin digirin dakta na shekara 3 wanda hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, take biyan albashi a kai, kuma gurbin nan ana gumurzu a kansa sosai, mutum sai ya nema sau da yawa kafin ya samu. Hanya ce doguwa, a gaya wa yarinya gaskiya tun yanzu.

Abin da ya fi muhimmanci a maganarku shi ne wannan. Haɗin da ita ta zaɓa, saikoloji da bayoloji da adabi, zai rufe mata ƙofar makarantun likitanci da yawa saboda ba kemistiri. Amma haɗin babanta bai rufe mata ƙofar saikoloji ba ko kaɗan, don yawancin jami'o'in nan ba sa sharɗanta cewa sai ka yi saikoloji a A-level kafin su ɗauke ka digirinsa, wasu ma sun fi son ganin bayoloji ko lissafi. Sai dai kuma ba dole ba ne sai ɗayan biyun nan. Bayoloji da kemistiri da saikoloji haɗi ne da makarantun likitanci da yawa suke karɓa, darasi na ukun ba su cika damuwa da shi ba in dai makin ya kai. Irin su Kambirij ne aka san sun fi karkata ga kimiyya da lissafi guda uku. Ku buɗe shafin kowace jami'a ku duba sharuɗɗanta da kanku.

Baban Khalifa: Dakta ka ga kai ma ka dawo kan maganata, ta yi kimiyyarta kawai.

Dakta A.: A'a Alhaji ban ce haka ba. Yaron da aka tilasta wa lissafin A-level ba ya so, ya fito da D, wace makarantar likitanci ce za ta kalle shi? Gara A a darasin da yake so.

Hajiya Turai: Ni tawa ta yi shi shekarun baya kuma abin da ya ba ni mamaki yawan masu yinsa, bayan lissafi shi ne darasin da aka fi ɗauka a A-level a 'yan shekarun nan, kuma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ajin su maza ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Amma fa ku shirya, duk abin da aka koya musu a kanku za a zo a gwada. Wata rana ina wanke-wanke ta tsaya tana ba ni labarin wani Milgram, wai a jami'ar Yale a Amurka ya tara maza 40 ya ce musu gwajin koyo ake yi, duk lokacin da mutumin da ke ɗaya ɗakin ya ba da amsa ba daidai ba su danna masa lantarki, ana ƙara ƙarfin daga bolt 15 har 450, mutumin yana buga bango alhali ɗan wasa ne ba wutar da take taɓa shi, in sun yi turus sai wani mai rigar ɗakin gwaji ya ce ci gaba kawai, kuma 26 cikin 40 ɗin nan sai da suka kai ƙarshe. Na ajiye soson na ce ke wannan wane irin rashin imani ne, ta ce Mama ai abin tsoron shi ne ba mugaye ba ne, mutane ne irin mu da ke. Ranar dai na kwana ina juya maganar.

Ummi: 1963 aka buga shi Anti. Kuma a jarabawa ba labarin ake ba ki maki a kai ba sosai, sukar ake so. Ki ce maza ne zalla, ki ce an yaudare su an jefa su cikin tashin hankali wanda yanzu dokar bincike ba za ta bari ba, ki ce wataƙila wasu sun gane wutar ta ƙarya ce shi ya sa suka ci gaba. Haka ake yi wa kowane bincike, a karanta shi sannan a fito da lagonsa.

Malam Habu: Ina biye da ku daga nan Zariya. Gaskiyar Alhaji ce, babu saikoloji a WAEC ko NECO, mu sai a kwalejin ilimi muka fara haɗuwa da shi, wato ɓangarensa na koyarwa, su Piaget da Pavlov da karnukansa da Skinner da ɓerayensa, kuma yawanci haddacewa muka yi muka juye a takarda aka wuce wurin. A jami'a kuwa ya daɗe, Nsukka ce ta fara buɗe sashensa a 1964, nan arewa Jos ta yi suna a kai. Amma ni a matsayina na mai riƙe alli da za a tambaye ni da na ce a sa wani yanki nasa a SS1, ko da babin mantuwa ne kaɗai. Wani Bajamushe Ebbinghaus tun a shekarun 1880 ya zauna yana haddace haruffa marasa ma'ana yana auna yadda suke zube masa, ya gano mantuwar ta fi sauri a awannin farko da kwanan farko sannan ta lafa, kuma bita da aka rarraba ta a kwanaki ta fi ta dare ɗaya zama a kai. Yanzu ku dubi makarantar allo, yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya da ka malam ya ji, ga tilawar baya da ake maimaitawa kullum kada ta gudu. Su sun riga sun kama abin a aikace. Amma yaron nan ɗaya in ya zo boko sai ya bari sai daren jarabawa ya sha shayi mai kauri ya kwana yana ja da biro a ƙarƙashin layi, bayan sati ka tambaye shi babu ko ɗaya. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda kansa yake aiki.

Abu Sumayya: Jama'a ku yi haƙuri zan kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba. Batun aƙida fa? Na ji abubuwan da Freud, ɗaya daga cikin magabatan fannin, ya faɗa a kan yaro da uwarsa, abu ne da baki ba zai iya maimaitawa a nan ba, kuma mutumin ya ɗauki addini a matsayin ruɗu. Yarinya 'yar shekara 16 a zuba mata wannan, ba ruhi ba ƙaddara, komai sinadarin ƙwaƙwalwa ne. Ni ina jin tsoro gaskiya.

Ummi: Malam ana yin Freud amma ɗan guntu ne, ɗaya ne daga cikin mazhabobi da ake jerowa a kwatanta, kuma yana cikin waɗanda suka fi shan suka a ajin, don abu na farko da za a ce ka rubuta a kansa shi ne ra'ayinsa ba ya gwaduwa, kuma a kan mutane ƙalilan na birnin Biyana ya gina shi. Ba a ce ka yarda da shi ba. Maganar zaɓi da tilas kuwa akwai babi guda a kanta a takarda ta uku, ana kawo hujjar ɓangarorin duka, ni ban taɓa jin an matsa min in bar abin da na yi imani da shi ba.

Dakta A.: Ƙari a kan haka Malam, fannin ba baƙo ba ne a wajen musulmi. Abu Zaid al-Balkhi wanda ya rasu a 934 ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai tare, ya yi magana a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da yake da sanadi kamar rashi da wanda yake sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Marigayi Farfesa Malik Badri ɗan Sudan shi ya fassara wannan ɓangaren zuwa turanci, kuma ya shafe rayuwarsa yana jan kunnen musulmi masu wannan karatun kada su haɗiye duk abin da ya zo daga yamma ba taunawa. To amma sai wanda ya karanta ne zai iya tacewa.

Abu Sumayya: Na gamsu da rabi Dakta. Badri babba ne da ya san addininsa kafin ya shiga, ita wannan yarinya ce. A dai riƙa zama da ita ana jin me aka koya mata.

Maman Ilham: Wannan kam gaskiya ne Malam, in sha Allah.

Hajiya Turai: Bari in ba ku wanda ya fi ba ni dariya da haushi lokaci guda, babin shaƙuwa. Akwai wata Ainsworth da ta ƙirƙiro gwaji, a sa uwa da ɗanta ɗan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ɗaki da kayan wasa, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita, ta dawo, a sake, kowane mataki kamar minti 3, ana leƙe ana rubuta yadda yaron ya yi musamman lokacin da uwar ta dawo. In ya ruga wajenta ya yi shiru ya koma wasa to shaƙuwarsa lafiya, in ya share ta ko ya ƙi rarrasuwa to akwai matsala. Sai 'yar tawa ta dube ni ta ce Mama to ke da aka ba Goggo ke tun daga yaye, kuma Hajiya ba ta ko kiran sunanki don ke ce 'yar fari, a wane layi za a sa ki? Na ce ki sa ni duk inda kika ga dama, Goggo ta riƙe ni riƙon da ba na jin akwai wanda ya fi shi, kuma kunyar da Hajiya take yi ba ƙi ba ce, kowa a gidan ya san haka har ni. In ta ga na yi rashin lafiya ba ta zuwa kaina amma ita take dama kunun ta miƙa wa kishiyarta ta ce kai wa yarinyar can. Wane gwajin minti 3 ne zai ga wannan?

Ummi: Anti wallahi da za ki rubuta wannan a jarabawa maki za ki kwasa, don shi ne ainihin sukar da ake nema, cewa an ɗauki ma'aunin tarbiyyar Amurka an ɗora wa duniya. Akwai nazarin 1988 da muke haddacewa wanda ya tattara bincike 32 daga ƙasashe 8, yaran Jamus suka fito da yawan masu share uwa, na Japan da yawan masu ƙin rarrasuwa, alhali a Jamus ana koya wa yaro dogaro da kai da wuri, a Japan kuma uwa ba ta cika rabuwa da jariri ba shi ya sa ya firgice. Kuma cikin ƙasashe takwas ɗin babu ta Afirka ko ɗaya. Abin mamakin ita Ainsworth ɗin a Uganda ta fara lura da uwaye da jariransu a shekarun 1950 kafin ta tafi Amurka ta yi gwajin.

Malam Habu: Har a kanmu an yi irin wannan. A shekarun 1970 wasu masu bincike ciki har da Robert LeVine sun yi nazarin jariran Hausawa a gidajen yawa, suka ga jariri ɗaya yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu ba uwa kaɗai ba. Mu a wajenmu wannan ba labari ba ne, kowa ya tashi a bayan yaya ko kaka ko kishiyar uwa. Amma sai da wani ya zo daga waje ya rubuta sannan ya shiga littafi. Shi ya sa ni ban ga laifi ba in 'ya'yanmu sun shiga fannin.

Baban Khalifa: To ai kun kashe kanku da kanku. Kun ce Freud ba ya gwaduwa, kun ce gwajin matar nan bai dace da mu ba, kun ce na lantarkin akwai shakka. Me ya rage? Ni injiniya ne, in na auna ƙarfe yau na auna gobe abu ɗaya zan samu. Kuma na karanta cewa a 2015 masu bincike sun haɗu sun maimaita gwaje-gwajen saikoloji 100 da aka riga aka buga a manyan mujallu, waɗanda suka sake ba da sakamakon ba su kai rabi ba, wajen kashi 36 ne. Wannan shi za a ba yarinya shekara 2 tana haddacewa?

Dakta A.: Alƙaluman daidai ne Alhaji, amma su waye suka yi maimaicin? Su masu fannin ne da kansu suka tona asirin gidansu, kuma daga nan aka tsaurara, yanzu da yawa sai sun rubuta abin da za su gwada da yadda za su auna shi tun kafin su fara don kada a murɗa daga baya. Mutum ba ƙarfe ba ne, auna shi akwai wuya, mu ma a likitanci muna da binciken da aka maimaita ya rushe. Ni abin da nake gani yarinya za ta samu ba haddar sunaye ba ne, shi ne in an turo mata saƙo a WhatsApp wai bincike ya nuna kaza tana warkar da kaza, ta tambaya mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, wa ya biya kuɗin. Kullum ina ganin manya masu digiri sun ajiye maganin hawan jini saboda irin waɗannan saƙonnin.

Baban Khalifa: Wannan kuma lissafi ma zai koya mata.

Ummi: Baba lissafi ba zai koya mata cewa shaidar gani da ido tana iya canzawa da kalma ɗaya ba. Loftus da Palmer a 1974 sun nuna wa ɗalibai bidiyon haɗarin mota, wasu aka tambaye su gudun nawa motocin suke yi da suka ragargaji juna, wasu aka ce da suka taɓa juna, na farkon suka ce kusan mil 41 a awa na biyun kusan 32, bidiyo ɗaya fa. A gwaji na biyu bayan sati aka tambayi mutane ko sun ga fasasshen gilashi, waɗanda aka yi wa tambaya da kalma mai zafin sun fi cewa e, alhali babu gilashin a ciki.

Baban Khalifa: Wannan kam ya kamata 'yan sanda da alƙalai su ji shi. Amma dai ban sauka ba, batun aiki har yanzu ba a ba ni amsa ba.

Malam Habu: In gida za ta dawo wata rana aikin yana nan jibge sai dai albashin ne Allah ya kyauta. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar 1958 ta zamanin Turawa ake aiki. Ku je Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato ko Dawanau ko Maiduguri ku ga layi, ga yaran da ƙwaya ta cinye, ga matan da suka ga abin da suka gani a hannun 'yan bindiga, kuma a rasa mai zama da su ya saurare su da Hausa.

Hajiya Turai: Tawa dai ba ta ma bi layin asibiti ba, a sashen kula da ma'aikata take aiki yanzu a wani kamfani. Yawancin waɗanda suka yi digirin haka suke watsuwa, koyarwa, aikin jin daɗin jama'a, talla, binciken kasuwa. Kaɗan ne suke zama masu ganin marasa lafiya.

Maman Ilham: Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, na tura wa babanta duka har da na Alhaji don kada ya ce na zaɓo masu goyon bayanta. Ya karanta ya ce in dai kemistiri yana ciki zai yi tunani a kan na ukun. Ita kuma na faɗa mata ta ce to adabin nata fa, wai ita aka ci da yaƙi. Ummi dan Allah in an fara aka ga ba za ta iya ba ana canzawa?

Ummi: Yawanci ana bari a makonnin farko na shekarar Anti, wasu makarantun ma suna barin mutum ya fara da huɗu ya ajiye ɗaya daga baya, sai ta riƙe adabin ta gani. Ku tambaya ranar da za a buɗe makarantar iyaye su zo su zaga, ku tambayi kuma wace hukumar jarabawa suke bi don na OCR da Edexcel tsarinsu daban ne da wanda na faɗa, da makin lissafi da turanci na GCSE da suke nema kafin su ba ta darasin. Tsofaffin takardun jarabawa suna nan kyauta a shafin AQA, ta sauke takarda ta biyu ta duba tambayoyin dabarun binciken kafin ta miƙa fom ɗin.

Maman Ilham: To bari ta dawo daga islamiyya in sa ta ta sauke. Fom ɗin sai Juma'a mai zuwa za a mayar.